Zauren Tsofaffin Littattafai: Bugun Farko Ne, Ko Tsufa Kawai Ya Yi?

Tun ranar da bakina ya kufce a fitowar da ta gabata, na ce a ƙasashen Turai akwai masu sayen tsohon littafin 'yan sandan ciki da kuɗin da zai gina ɗaki da falo, ban ƙara samun barcin rana ba. Wasiƙu sun taru, waya ba ta hutawa. Ranar Talata ma wani saurayi ya yi sallama da ni nan Tudun Wadar Gusau bayan la'asar, ya sauke buhu daga kan mashin, ya zazzage mini littattafai a tabarma kamar mai tallar dankali. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har aka kira magariba. Babu bugun farko ko na rantsuwa. Ya sha ruwa, ya hau mashin ɗinsa, ya bar mini buhun. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, waɗanga kuma ina za mu aza su?" Ga dai abin da na tsinto daga cikin wasiƙun.

TAMBAYA: Baba Malam, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin reluwe. Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe mun tarar da littattafan James Hadley Chase guda 23. A cikin ɗaya, No Orchids for Miss Blandish, an rubuta 1939. Bangonsa na takarda ne mai laushi, akwai sunan Corgi, a baya kuma an sa 75p. Yayyena sun ce kada a taɓa littattafan sai an ji ta bakinka. Daga ɗanka a Kaura Namoda.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyauta namu zuwan. Ɗana, ku raba gadonku hankali kwance, babu wata dukiya ɓoye a akwatin nan. Shekarar 1939 da ka gani ta haihuwar labarin ce, ba ta takardar da ke hannunka ba. Kamfani kan ci gaba da sa ta a kowane sabon bugu, don ita ke nuna lokacin da haƙƙin mallaka ya soma.

Da bakinka ka kawo shaidu biyu, kuma duk sun ƙaryata littafin. Wanda ya fara fitar da labarin nan a Landan a 1939 kamfanin Jarrolds ne, kuma da bango mai tauri ya fito. Corgi ba a ma haife shi ba sai a shekarun 1950, kuma yawancin aikinsa shi ne ɗauko littafin da ya riga ya yi kasuwa ya sake buga shi da araha. Sai farashi. Ingila ba ta koma sabon lissafin kuɗi ba sai ranar 15 ga Fabrairun 1971. Kafin nan fam ne da sule da kwabo, irin waɗanda muka kashe a nan kafin naira ta zo a 1973. A shekarun 1930, sabon littafin bincike mai bango mai tauri akan sa masa 7s 6d, wato sule bakwai da sisi. Duk inda ka ga 75p, littafin bai girmi 1971 ba. Bari in ƙara maka shaida na uku: duba bayansa, za ka ga lambar ISBN, wato lambar shaidar da ake ba kowane littafi, wadda ita ma sai wajen 1970 ta zama ruwan dare. Kai, ko labarin kansa ba lalle ba ne ya zama na asalin, domin marubucin ya yi masa kwaskwarima a 1961.

Zan fake da wasiƙarka in warware abin da ke rikita kowa. Idan masu tara littafi suka ce bugun farko, ba tsoho suke nufi ba. Dubi mai ƙosai. Ƙullu ɗaya ta haɗa da asuba, amma kasko bayan kasko take zubawa har hantsi. Haka maɗaba'a take. A jera haruffa sau ɗaya, a buga kwafi dubu kaza, in sun ƙare a sake ɗorawa a inji ba a canza ko wasali ba. Abin da masu kuɗin nan ke farauta shi ne kaskon farko, na ƙullun farko, daga kamfanin farko. Sauran ma ƙosai ne, ana ci a ƙoshi, amma ba su ake rububi ba.

Ba kuma a bango ake gane kasko ba. Buɗe shafin da ke ɗauke da sunan littafi da na marubuci, ka juya bayansa. Shafin nan mai ƙananan rubutu da kowa ke tsallakewa, shi ne takardar haihuwar littafi. Kamfanonin Ingila sukan rubuta "First published" da shekara. In ita kaɗai ce tsaye, da sauran fata. In kuwa ka ga "Reprinted" ko "Second impression" a ƙarƙashinta, ko wasu shekaru sun yi sahu, zance ya ƙare, kuma shekarar da ke ƙarshen sahu ita ce ta kwafinka.

Ban faɗi haka don in zubar da girman Chase ba. Mu da muka yi kwalejin horon malamai a shekarun 1970 mun san abin da ya yi mana. Littafi ɗaya sai ya zaga ɗakin kwana kaf, ana karanta shi da fitilar ƙwai, ya dawo ba bango ba shafin ƙarshe, sai dai wanda ya riga ka ya ƙarasa maka labarin da baki. Sai da na yi gemu na san sunansa na yanka René Raymond, kuma ɗan Landan ne da ke shimfiɗa taswirar biranen Amurka a gabansa yana ƙaga labaran 'yan dabar can. Abin da ya sa kwafin mahaifinku ba su da tsada shi ne abin da ya sa suka iso har Kaura, inda layin dogo ya tuƙe: jibgi guda aka buga su. Ku ba wanda zai karanta a cikinku.

TAMBAYA: Malam, a kayan maigidana marigayi akwai littafin Agatha Christie, A Caribbean Mystery, mai bango mai tauri ja. A shafin suna akwai Collins da The Crime Club. A bayansa 1964 kawai aka sa. A ciki akwai hatimin laburaren makaranta da aka rubuta North-Western State. Daga wata 'yar'uwa a Birnin Kebbi.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan Malam. Ba zan tambayi yadda littafin ya baro laburare ba, mu malaman makaranta mun san juna.

Taki ta fi ta ɗan Kaura armashi. Kamfanin daidai, shekarar daidai: Collins ne ya fitar da shi a 1964, a jerin littattafan laifi da ya soma tun 1930 mai tambarin mutum rufe da fuska riƙe da bindiga. In babu maganar sake bugu a shafin, ina kyautata zaton bugun farko ne. Sai dai kada ki soma lissafin kujerar Makka.

Ba ki ambaci riga ba, na kuma san dalili: babu ita. Littafi mai bango mai tauri yakan fito daga kanti sanye da wata takarda mai hoto da aka naɗe shi da ita, bakinta biyu lanƙwashe ciki. Ita nake kira riga. Mu a nan ita muke fara yarwa, ko yara su yi jirgi da ita. A wurin masu tara littafi kuwa, mafi yawan kuɗin yana jikin rigar nan, domin littafi kan daɗe amma ita ba ta daɗewa. Littafi ba riga kamar doki ne ba sirdi ranar hawan salla. Ga kuma hatimi, wanda a kasuwarsu aibi ne babba. Sannan a 1964 matar nan ta riga ta gama duniya, ana buga sabon littafinta da yawan gaske. Masu wuyar samu su ne na farko-farkonta. Nata na fari, The Mysterious Affair at Styles, duk da 'yar Ingila ce, a New York ya fara fita a 1920, sannan Landan a farkon 1921. Wato ba ko yaushe ne bugun ƙasar marubuci ke zama na farko ba.

Amma don Allah kada ki goge hatimin nan, kada ki yage shafin. Jihar Arewa maso Yamma daga 1967 zuwa 1976 ta rayu. Hatimin na gaya mana littafin ya shiga makarantar tun kafin a yi Jihar Sakkwato, balle Kebbi da ta zo a 1991. Bature zai rage kuɗi saboda shi, ni kuwa saboda shi zan so in gani.

Tun da an taɓo riga, bari in tona asirin kaina. Shekaru da dama da suka wuce na je Kano, na tsaya wurin wani mai baza tsofaffin littattafai a Sabon Gari. Na hango wani littafin bincike na Amurka, bango mai tauri, riga fes, shekara ɗaya tal a bayan shafin suna. Gabana ya faɗi. Na daure fuska kada ya gane, muka yi ciniki, na haɗa har da rabin kuɗin motata. A bayan wata motar kaya na dawo Gusau, ina rungume da littafin kamar jariri. Sai daga baya wani abokina da ya yi karatu a waje ya karɓa, ya buɗe bakin rigar na gaba ya ce, "Ina farashi?" Babu. Ba yanke shi aka yi da almakashi ba, ba a taɓa bugawa ba. Ya tuɓe rigar, ya juya bangon baya, ya aza yatsana a kusurwar ƙasa kusa da ƙashin baya. Na ji wani ɗan loɓawa kamar an danna ƙwayar gero. Ashe bugun ƙungiyar masu karatu ne, irin wanda ake aika wa 'yan ƙungiya ta gidan waya da rahusa: takarda shara-shara, littafin ba nauyi. Mai littafin bai cuce ni ba, ko kalma bai ce mini bugun farko ne ba. Zalamata ce ta ja. Yana nan a kanta har yau, ina nuna wa baƙi ramin geron.

TAMBAYA: Baba, na sayi wani ƙaton littafin kisan kai a wurin 'yan gwanjo. An rubuta "First Edition", a ƙasa kuma akwai lambobi jere: 10 9 8 7 6 5 4. Mene ne su? Daga ɗaliba a jami'ar tarayya ta Gusau.

AMSA: 'Yata, lambobin nan su ne ƙidayar kasko. Kamfanonin zamani sukan jera daga 1 zuwa 10, duk sa'ad da aka sake bugawa sai a goge mafi ƙanƙanta. Wani lokaci a hargitse ake jera su, kamar 1 3 5 7 9 10 8 6 4 2, amma dokar ɗaya ce: nemi ƙaramar cikinsu. Taki 4 ce, saboda haka kasko na huɗu ne. Rubutun "First Edition" mantawa aka yi ba a cire ba, ko kuma ƙullun suke nufi ba kaskon ba. In rubutu da lamba suka saɓa, bi lamba. Akwai masu tasu ɗarikar daban: Random House na Amurka ya daɗe yana soma jerinsa daga 2 a bugun farko, tare da waccan kalma, in an sake bugu sai ya cire kalmar. Shi ya sa ake sanin halin kowane kamfani kafin a yanke hukunci.

TAMBAYA: Malam, an ce littafin da ke da kuskuren rubutu ya fi tsada. Gaskiya ne? Daga Talata Mafara.

AMSA: Da haka ne, da duk wanda ya taɓa buga katin biki a garin nan ya yi arziki. Kuskure yana da amfani ne kawai in an san an gyara shi a bugu na gaba, sai ya zama lamba a goshin na farko. Misali labarin Sherlock Holmes na karen nan, The Hound of the Baskervilles, wanda George Newnes ya fitar a 1902: a shafi na 13, layi na 3, an buga "you" a inda ya kamata a sa "your". Masu saye shafin nan suke fara buɗewa.

TAMBAYA: Malam, duk zancenka na Turawa ne. Namu fa? Ina da Idon Matambayi mai sunan NNPC, da kwali guda na ƙananan littattafan Kano na 'yan fashi da 'yan sanda, waɗanda ba a sa wa shekara ko ɗaya ba. Mi za ni yi in gane na farko? Daga malamin makaranta a Argungu.

AMSA: Malam, ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na bar wasiƙarka a ƙarshe ne don in samu sarari.

Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo yana cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta labaran Hausa ta 1933 da wani Bature, Rupert East, ya shirya, aka buga su a 1934. Labarin ɓarayi ne, kuma a ganina shi ne kakan labaran laifi a rubutun boko na Hausa. Naka ba na farko ba ne, sunan kamfanin ya isa shaida. NNPC ta Zariya, ba ta man fetur ba, a 1966 aka kafa ta. Kafin ita akwai NORLA, hukumar adabi ta Arewa, a shekarun 1950, kafin nan kuma Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945. Duk tsohon littafin Hausa da ka ɗauka, sunan da ke gindin shafi zai gaya maka zamanin da littafin ba zai girme masa ba. Farashi ma haka: in an sa naira ko kobo, daga Janairun 1973 ne zuwa sama.

Akwai wani tarko da na ga ya kama har masu digiri. An ce musu ISBN mai farawa da 978 ta zamani ce, tun da a 2007 aka mayar da ita lamba 13 aka liƙa mata 978 a gaba. Gaskiya ne, amma lambar da aka ware wa Nijeriya ita ma 978 ce. Littafin da aka buga a Zariya a shekarun 1980 da 978 zai fara. Ƙirga lambobin. In 10 ne, tsohon tsari ne. In 13 ne, za ka ga 978 sau biyu a jere, to wannan daga 2007 ne zuwa sama, ko da an rubuta 1982 a ciki. Na ambaci 1982 ne da gangan, don a shekarar ne Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare suka fito, bayan gasar sashen al'adu na Gwamnatin Tarayya. Na farkon labarin fasa-ƙwauri ne, ku da ke da Kamba a bayan gida ba sai an yi muku fassara ba.

Sai 'yan kwalinka. Waɗannan su ne aikin ɗan sandan ciki na gaskiya, don marubutan da kansu suke bugawa, kuma ba ruwansu da shekara. Sai dai littafi ba ya iya rufe bakinsa. Duba adireshin marubuci ko na kantunan da ake sayarwa, waɗanda akan jera a ciki. In ka ga Gusau a Jihar Zamfara, bayan 1 ga Oktoban 1996 ne. Duba lambar waya: 064 ta tangarahon Kano ce, 063 Gusau, 068 Birnin Kebbi, in kuwa ka ga mai farawa da 080, wayar salula ta riga ta shigo, wato daga 2001. Duba shafin baya inda marubuci kan jera littattafansa da suka fito da masu fitowa. In littafin da ke hannunka shi ne na biyu da ya rubuta, amma jerin ya kai goma sha, ka san sake bugu ne. Wannan dabarar tana aiki har a na Turanci. Duba bango: na farko sau da yawa zanen hannu ne, sai labari ya karɓu ko an mayar da shi fim a sake masa bango da hoton 'yan wasa. In an haɗe kashi na 1 da na 2 da na 3 a dunƙule guda, yawanci a rarrabe suka fara fita.

Sai dai ka riƙe wannan, don a nan ake zamewa. Sabuwar alama tana yanke hukunci, tsohuwa ba ta yankewa. Lambar salula ta tabbatar littafin bai girmi 2001 ba. Amma ganin 064 bai tabbatar da tsufa ba, don mai maɗaba'a kan ɗauko tsohon faranti ya sake bugawa bayan shekara goma ba ya taɓa komai. Ga kuma masu satar fasaha da ke ɗaukar hoton shafi yadda yake, har da shekararsa. Su ana gane su da dusashewar hoton bango, da haruffan da suka yi kauri suka cakuɗe, da gefen shafi da aka yanke a karkace. Saboda haka sai ka tara shaidu uku ko huɗu sun yi baki ɗaya, in da hali kuma ka aza kwafi biyu kusa da juna.

Kada kuma ka ɗauka daga amsar da na ba ɗan Kaura cewa duk mai bango mai laushi maimaici ne. Jerin Pacesetters da Macmillan ya soma a 1977, waɗanda da yawansu labaran 'yan sumoga da 'yan sanda ne, da bango mai laushi aka haife su. Haka 'yan Kano. Su wannan shi ne kaskonsu na farko.

Ba zan yaudare ka in ce akwai attajirin da ke jiran kwalinka da jakar kuɗi ba. Amma in wuyar samu ake magana, naka ya fi na Hajiyar Birnin Kebbi. Nata akwai irinsa birjik a kantunan Ingila, an adana da rigarsa. Namu kuwa an buga kaɗan a takardar jarida, an yi hayarsu a hannun 'yan mata har sun yi laushi, abin da ya rage aka ƙunshe ƙosai da tsire da shi. Fitar da su daga kwalin nan yau, kwali abincin gara ne. Ni gara ta cinye mini Turmin Danya daga shafin farko har tsakiya a damina guda, ta bar mini bango a tsaye kamar ba abin da ya faru. Sa su a akwatin ƙarfe, ka ɗora a kan bulo nesa da bango, ka riƙa buɗewa suna shan iska a inuwa bayan ruwa ya ɗauke. Kada ka ƙulle su a leda, gumi zai sa su yi fumfuna. Kada ka liƙa musu salatif, bayan 'yan shekaru yakan koma ruwan ƙasa ya ƙone takardar. In za ka rubuta inda ka samo littafi da shekarar, yi da fensir.

In kuma akwai wanda a akwatin kakansa, ko a Argungu ko a Yawuri ko a Anka, ya ci karo da Idon Matambayi mai farashin kwabo ba kobo ba, ba saye zan yi ba, fanshona ba zai kai ba. Ya kawo in riƙe shi a hannu in juya bayan shafin sunan. Ina zaure daga la'asar zuwa magariba, ban da ranar Juma'a.